Yadda Aka Raba Dish Ɗaya ga Ɗakuna Biyar a Wani Gida a Kano

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wata unguwa a gabashin birnin Kano, kuma tsarinsa irin wanda kowa ya sani ne: zaure da shagon samari a bakin ƙofa, sai falon maigida, sai tsakar gida, sashen uwargida ta hannun dama, na amarya ta hagu, can ƙurya kuma ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigidan. An kira ni ne a farkon damina, kuma ƙorafin da aka gabatar mini a zaure bai yi kama da wanda ake kawo wa mai gyaran dish ba. Maigidan cewa ya yi, "Malam, gardama nake so ka raba mini. Uwargida ta ce an fifita amarya wajen haɗa waya, domin duk lokacin da amarya ta kunna talabijin ɗinta sai nata ya ɗauke, ita kuwa ko sau goma ta kunna, na amarya ko gezau." Ya ƙara da cewa an canza risibar uwargida har sau biyu, an sake saita dish, an ma fara shawarar sare darbejiyar da ke tsakar gida.

Abin da na tarar a kan rufin kankaren falon shi ne dish mai faɗin mita 1.8, irin mai ɓari shida da ake ɗaurewa da noti, yana kallon gurbin da mutanenmu ke kira Nilesat, wato digiri 7 yamma. A wannan gurbi akwai taurarin ɗan Adam na kamfanin Nilesat na Masar, wanda ya harba na farkonsa a 1998, ya kuma harba Nilesat 301 a 2022, tare da wani tauraron Eutelsat da ke dab da su, har dish ɗaya yana kama su kamar abu guda. Daga nan gidan ke samun tashoshin kyauta na karatun Alƙur'ani da wa'azi da labarai da fina-finai. A gefe akwai ƙaramin dish na tashoshin biyan kuɗi yana kallon digiri 36 gabas, da wayarsa ta kansa zuwa dikodar falo, kuma da yake ba shi da hannu a rikicin ban taɓa shi ba. Matsalar daga bakin babban dish ɗin ta faro. LNB ɗin da ke kansa, wato 'yar na'urar da ke karɓar siginar da dish ya tattaro, mai ƙofa ɗaya ne, waya ɗaya ta sauko daga gare shi, aka sa mata sifilita, wato mahaɗin da ke raba waya ɗaya zuwa rassa, mai baki biyu a bayan falo, aka ƙara wata mai baki huɗu a cikin silin, da haka aka samu layi biyar.

Wanda ya yi aikin farko ya ɗauki wayar dish tamkar bututun famfo, wanda idan aka yi masa rassa kowane reshe zai kawo ruwa iri ɗaya. A kan eriyar sama wannan tunani yana ci, amma a kan dish ba ya ci, domin saƙo hawa yake yi yana sauka a cikin wayar. Tauraron yana nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, yana aiko da tashoshinsa tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75. Wayar gida ba ta iya ɗaukar wannan, shi ya sa LNB yake sauko da shi zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150, to amma wannan fili bai isa ya ɗauki duk abin da ke saukowa a lokaci guda ba. An raba tashoshin kashi biyu bisa yadda igiyar siginar take tafiya, wasu a tsaye wasu a kwance, domin a mori firikwansi ɗaya sau biyu. An kuma raba su zango biyu, na ƙasa daga 10.7 zuwa 11.7, na sama daga 11.7 zuwa 12.75. Ke nan kaso huɗu ne, kuma LNB mai ƙofa ɗaya kaso ɗaya tak yake iya bayarwa a lokaci guda. Risiba ce take gaya masa wanda take so. Idan ta tura masa wuta bolt 13 ta cikin wayar, sai ya ba ta na tsaye. Idan ta tura bolt 18, sai ya ba ta na kwance. Idan kuma ta ɗora wani sauti mai kilohaz 22 a kan wutar, sai ya koma zangon sama.

A gidan nan risiba biyar ce ke ba LNB ɗaya umarni, kuma yadda aka gina irin wannan sifilita, wutar da ta fi ƙarfi ita ke wucewa. Tashar wa'azin da uwargida ta saba kallo tana ɓangaren tsaye, ta fina-finan Indiya da amarya ke so tana ɓangaren kwance. Da zarar amarya ta kunna, bolt 18 ɗinta sai ya danne bolt 13 na uwargida, LNB ya juya kwance, risibar uwargida ta nemi tasharta ta rasa. Saboda haka abin da uwargida ta lura da shi gaskiya ne, ɗaukewar ta ɓangare ɗaya take zuwa, sai dai dalilin da ta ba abin ne ya kauce. Na ga ya fi a nuna a aikace maimakon dogon bayani, sai na sa aka kashe sauran risibobin daga soket, na ba wani yaron gidan lambobin tashoshi biyu da ke zango ɗaya, yana zirga-zirga tsakanin sassan. Aka sa amarya ta koma tashar tsaye, hoton uwargida ya dawo alhali talabijin ɗin amarya yana kunne. Sannan aka sa uwargida ta koma tashar kwance, nan take na amarya ya ɗauke. Maigidan ya yi shiru, sannan ya ce a maimaita, domin yana so kowacce ta gani da idonta.

Akwai ƙarin illa biyu da suka ɓuya a bayan wannan. Risibar shagon samari irin wadda ba ta daina tura wuta ce ko an kashe ta da rimot, don haka takan riƙe LNB a ɓangaren da aka bar ta har tsakar dare. Sannan kowace sifilita tana cin ƙarfin sigina, wanda ake aunawa da desibel, mai baki biyu kusan desibel 4, mai baki huɗu kusan 7 zuwa 8, wato abin da ke isa ɗakunan ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya sauko ba, tun kafin a lissafa asarar tsawon waya.

Maganin a bayyane yake, dole kowace risiba ta samu hanyar da za ta zaɓi kasonta ba tare da ta taɓa na wani ba, amma hanyoyin cim ma hakan sun bambanta. Mafi sauƙi shi ne LNB mai ƙofa huɗu masu zaman kansu, wanda ake rubuta wa Quad a kwali, kowace ƙofa da wayarta har ɗaki. Sai dai ɗakunan biyar ne, kuma a gidan da ke da mata biyu da uwa ba a ko tayar da zancen wa za a bari. Akwai mai ƙofa takwas, amma wannan yana nufin kowace waya sai ta hau rufi ta kwana a rana da ruwa, kuma duk ranar da aka ƙara ɗaki sai an sake hawa. Akwai kuma tsarin Unicable, wanda ke ba risibobi da yawa gurbi daban-daban a cikin waya ɗaya, amma tsofaffin risibobin gidan ba su san shi ba, kuma sauya su duka ya fi aikin kansa tsada. Abin da na zaɓa shi ne LNB nau'in Quattro tare da akwatin rarraba sigina, wanda masu sana'ar ke kira maltisuwic, mai ƙofar shiga biyar da ta fita takwas. Shi Quattro ba ya karɓar umarnin kowa, kowace ƙofarsa kaso ɗaya take fitarwa kullum, sai wayoyi huɗu su sauko da kason huɗu zuwa akwatin. Akwatin ne yake sauraron bolt 13 ko 18 da sautin kowace risiba, ya ba ta abin da ta nema, ko da ɗakunan duk sun saɓa.

Wannan zaɓi yana da rauni ɗaya da ya kamata a faɗa wa mai gida tun kafin a sayi kaya. Akwatin da na samu yana buƙatar wutarsa ta kansa, kuma shi ke ciyar da LNB, don haka idan ya mutu gidan gaba ɗaya ya rasa hoto. Gidan yana da sola da inbata da ke ɗaukar fitilu da talabijin idan wutar gari ta ɗauke, saboda haka da an jona akwatin a layin wutar gari, da an wayi gari talabijin biyar suna kunne babu mai nuna komai. Muka ja masa soket daga layin inbata, tunda cin wutarsa bai taka kara ya karya ba. Wurin ajiye shi ma sai da aka yi tunani. Cikin silin ya fi kusa da kowa, amma zafin da ke taruwa ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da na waje ma yake haura digiri 40, ba abin da za a saka na'ura a ciki ba ne, ga kuma ɓeraye. Muka kafa shi a bangon lungun da ke tsakanin zaure da falo, cikin akwatin ƙarfe mai hujojin iska, inda duk mai gyaran da zai zo nan gaba zai iya duba layin kowane ɗaki ba tare da ya shiga cikin gida ba. A ganina wannan shi ne mafi amfanin shawarar da aka yanke a aikin, domin yawancin ɓata lokacinmu a irin waɗannan gidaje jiran izinin shiga ne.

Wajen sayen kaya abu biyu na tsaya a kai. Quad da Quattro duk ƙofa huɗu gare su, kuma a ido kamar tagwaye suke, har mai shago yakan miƙo wannan a madadin wancan ba da mugun nufi ba. Abin dubawa shi ne rubutun da ke gindin ƙofofin, domin na Quattro kowace ƙofa an rubuta mata kasonta da haruffa, V ko H na tsaye da kwance, L ko H na ƙasa da sama. Na biyu shi ne waya. Duk abin da ke kasuwa RG6 aka rubuta masa, mai om 75, amma cikinsa ba ɗaya ba ne. Nakan tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, in kara shi a tsakiyar wayar. Idan ya kama, ƙarfe ne aka yi wa fentin tagulla. Nakan kuma kankare ta da wuƙa, idan fari ya bayyana, alminiyom ne. Irin waɗannan suna kai sigina a gajeren zango, amma sun fi tagulla zalla hana wuta wucewa, kuma da sun sha ruwa sai tsatsa. Sai a duba ragar da ke kewaye da ita, idan ta yi sharara ana hango takardar azurfar ƙarƙashinta kamar tsohon gidan sauro, a ajiye ta.

Jan wayar ya ɗauki kwana biyu. Daga dish zuwa akwati mita 12 ne, wayoyi huɗu baƙaƙe masu jure rana a cikin bututun roba ɗaya, kowacce an naɗa mata salatif mai launi daban a kai da gindi, domin idan aka musanya ko biyu daga cikinsu a bakin akwatin, rabin tashoshi za su ɓace a dukkan ɗakuna lokaci guda. Daga akwati ɗakuna huɗu kowanne ya samu wayarsa guda ba tare da haɗi a tsakani ba: falo mita 8, shago 15, uwargida 22, amarya 25. An nisanta su da wayoyin wuta, ba a lanƙwasa su sosai a kusurwa ba, ba a kuma danne su da ƙusa har su baje ba. Duk inda waya za ta shiga bango daga waje, sai an bar ta ta ɗan sauka ƙasa da hujin sannan ta hau, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. Wajen ɗaura kan waya kuwa, ana fere kamar santimita ɗaya, a mayar da ragar baya, a duba da kyau kada ko sili ɗaya nata ya taɓa tsakiyar wayar, domin wannan silin da ido ba ya ko gani shi ke haɗa wuta ya kashe layin, wani lokaci har ya ƙona ɓangaren risibar da ke ba LNB wuta. Shi ya sa ba a ɗaurawa ko kwancewa sai an zare risiba daga soket. A sassan mata ba mu shiga sai da ƙanen maigidan a gaba, a yi sallama, a jira a kimtsa, kuma mun tsara aikin yadda kowane sashe shiga ɗaya za a yi masa.

Da aka sa sabon LNB sai da aka sake gyara saiti. Daga Kano, gurbin digiri 7 yamma yana kudu maso yamma, wajen digiri 233 a kamfas, a tsayin kusan digiri 67 daga ƙasa. Dish mai faɗin mita 1.8 ganinsa siriri ne, bai wuce kusan digiri ɗaya ba, don haka ɗan sakin noti ko guguwar farkon damina ta isa ta kautar da shi. Ana saitawa ne da ma'aunin inganci, ba na ƙarfi ba, domin ƙarfi yakan nuna sama ko da dish ɗin bango yake kallo, sannan a murza LNB a hankali a cikin maƙallinsa har tashoshin tsaye da na kwance su daidaita. Wannan tsayi na digiri 67 shi ya ceci darbejiyar. Bishiyar da ta ɗara dish da mita 10 ba za ta tare shi ba sai tana cikin mita 4 da 'yan kai daga gare shi, ita kuwa wannan ta fi mita 10 nesa, kuma ba ta ma kai wannan tsawon ba. Illar tsayin ita ce dish ɗin yana zaune kamar kwaryar da aka ajiye don tarar ruwan sama, sai da muka buɗe hujin tsakiyarsa da ƙurar hunturu da ganye suka toshe.

Kuskuren da aka yi a aikin nawa ne. Layin Hajiya shi ne mafi tsawo, mita 54, kuma wani ɓangaren tsohuwar wayar an riga an binne shi cikin filasta. Maigidan ya roƙi a bar ta don kada a fasa bango, na gwada na ga tashoshi suna fita, na amince. Bayan kamar mako biyu da aka yi ruwa mai ƙarfi sau uku, aka kira ni cewa wasu tashoshin Hajiya sun ɓace. Da na shiga gaishe ta, cewa ta yi, "Ɗan nan, ni ban da rikici da kowa, karatuna kawai za ka dawo mini da shi." Wannan karon na kwance ne suka ɓace, na tsaye suna nan, akasin matsalar farko. Na cire wayarta daga akwatin na auna, mita ta nuna bolt 18 cif, har na fara zargin akwatin. Sai da na sa mahaɗi mai baki uku na auna alhali wayar tana jone tana aiki, sannan na ga wutar ta faɗo kusa da bolt 14. Wayar da ba a jan wuta ta cikinta ba ta nuna asara, shi ya sa awon farko ya ruɗe ni. Akwatin yana ganin 14 sai ya ɗauka tsaye ake nema. Muka bi layin taku-taku har bayan ɗakin girki, ƙarƙashin indararo, inda muka tarar da haɗin da aka yi ta hanyar murɗa waya da waya aka naɗe da baƙin salatif. Da na warware shi ruwa ne ya ɗigo, tsakiyar wayar ta yi ja da tsatsa, ragar kuma ta zama farin gari tana marmashewa a hannu, kuma ruwan ya bi cikinta ya yi nisa. Aka ja sabuwa ta tagulla zalla a cikin bututu ta saman katanga, aka bar tsohuwar a cikin bangonta. RG6 tana asarar kusan desibel 20 a kowace mita 100 a wajen megahaz 950, kusan 30 a wajen 2150, don haka a mita 54 ba a buƙaci mai kauri irin RG11 ko na'urar ƙara ƙarfi ba.

A wannan zuwan ne na kammala abin da ya kamata a ce an gama tun farko, wato saukar da wuta ƙasa. Tun ranar haɗi yaron da ke taya ni yake cewa kan waya yana ɗan jan hannunsa, abin da ke faruwa saboda kowace risiba tana sakin 'yar wuta kaɗan a jikin ragar, ta risibobin biyar kuma idan ta taru a akwati ɗaya sai a ji ta. Muka kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla a wuri mai danshi kusa da magudanar ruwa, muka haɗa ta da sandar dish da waya mai kaurin murabba'in milimita 16, jikin akwatin kuma da mai murabba'in milimita 4, sannan muka haɗe su da layin ƙasa na wutar gidan. Na bayyana wa maigidan cewa wannan yana kawar da jan hannu, yana kuma rage ɓarnar tsawar da ta faɗa kusa, amma ba ya tare wadda ta sauka a kan dish kai tsaye, don haka idan hadari ya haɗo da walƙiya a zare soket.

Ƙofar shiga ta biyar, wadda aka tanada don eriyar tashoshin gida, an toshe ta da marufi mai om 75, ƙofofin fita uku kuma suna nan a ajiye. A cikin murfin akwatin na manna takarda mai nuna launin kowace waya da ɗakin da ta nufa da tsawonta. Da na koma dubawa a ƙarshen Agusta, ƙorafin da ya rage shi ne hoto yana ɗaukewa na 'yan mintoci idan ruwa ya sauko da ƙarfi, abin da ba makawa a wannan zango na firikwansi, domin ɗigon ruwa yana shanye siginar tun kafin ta iso dish. Na tambayi maigidan ko a wani sashe ne ya fi yawa, ya ce ya bincika da kansa a ruwan daren Juma'a, ɗakunan biyar tare suka ɗauke, tare kuma suka dawo.